Kafin a ce daji ya ƙare, wa ya zaɓi inda aka auna?

Da wuya a yi taron muhalli a Birnin Kebbi ko Gusau a watse ba a ji wani ya ce hamada na cinye mita 600 na ƙasar Arewa kowace shekara ba. Adadin ya daɗe yana yawo a jawabai da jaridu har ya zama abin da ba a tambayar asalinsa. Ni ba na musun cewa ƙasa ta gaji. Duk wanda ya san Kangiwa ko Shinkafi a shekarun baya, ya kuma koma yanzu, ya san inuwa ta ragu, itacen girki ya yi tsada. Abin da ke damuna shi ne mun saba karɓar alƙaluma ba mu tambayi wanda ya auna ba, ko inda ya tsaya ya auna, ko watan da ya je, ko dalilin da ya sa ya tsaya nan bai tsaya can ba. A kan waɗannan tambayoyi aka gina ilimin ɗaukar samfur a binciken halittu da muhallinsu. Kuma kuɗin dashen itace, da na feshin jan baki, da dokokin kamun kifi, duk amsoshin nan suke bi, ko sun inganta ko ba su inganta ba.

Wannan rikici ya girme mu. A 1934 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar da rani, ya koma gida ya rubuta a 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu. Maganar ta tayar da hankalin Turawan mulki har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana, wanda ya zagaya ƙasashen kan iyaka daga 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya ga ɓarnar sare itace a wurare, amma bai sami shaidar cewa yashin Sahara na tafiya kudu ba. An sake irin wannan a Sudan a 1975, inda Hugh Lamprey ya gwada taswirar tsirrai ta 1958 da abin da ya hango daga jirgin sama, ya ce hamada na matsowa kimanin kilomita 5.5 a shekara. To amma shekarun 1950 shekaru ne na wadatar ruwa a Sahel, 1975 kuwa ta zo ne a bayan babban farin farkon shekarun 1970. Da aka duba hotunan tauraron ɗan'adam na 1980 zuwa 1990, sai aka ga iyakar tsirrai tana gangarowa kudu a shekarar fari, kamar 1984, ta kuma koma arewa idan ruwa ya dawo. Mutanen nan biyu, Stebbing da Lamprey, masana ne na gaske, kuma abin da suka gani sun gani. Lokaci da wurin da suka duba ne suka ja su ga hukuncin da ya zarce shaidarsu.

Babu mai iya ƙirga kowace bishiya a masarautar Argungu, ko kowane kifi a Gulbin Ka. Dole a duba kaɗan a yi hukunci kan mai yawa. Mai sayen shanshera a kasuwar Jega ya san wannan aiki sarai. Ba ya zazzage buhu ɗari ya duba ƙwaya-ƙwaya. Yana da ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a zaro tsaba, kuma in gwani ne ba ya tsayawa a bakin buhu, don ya san nan mai kaya ke zuba mai kyau. Sai ya soka a tsakiya, ya soka a gindi, ya tsallake buhunan da aka jero masa a gaba ya nufi na ƙurya. Daji ba ya yaudara da gangan, amma shi ma yana da bakin buhu, wato gefen titi, da bayan gari, da duk inda babur ke iya kai mutum ya dawo kafin la'asar.

Gefen titi na iya karkatar da sakamako ta kowane ɓangare. Wani wuri an jera darbejiya a bakin hanya tun shekaru, sai a ɗauka ƙasar cike take da itace. Wani wuri kuma nan ne motar masu itace da gawayi ke fara lodi, sai a ɗauka ko'ina haka ya zama fili fetal. Akwai kuma wata karkata da ba a cika faɗa ba, wadda ke fitowa daga kirkin mutanenmu. Ɗalibi ya je ƙauye, ya gaida mai gari kamar yadda ya dace, ya ce ya zo nazarin itatuwa. Mai gari ya haɗa shi da wanda ya san daji. Shi kuwa ɗan rakiya ba zai so baƙo ya koma hannu rabbana ba, sai ya ce, "Malam, taho in kai ka inda itace yake." Ya kai shi kurmin bakin rafi, inda kanya da maɗaci da marke suka haɗa kai. An yi awo, an cika takarda, kowa ya ji daɗi. Abin da aka auna shi ne wuri mafi kyau a ƙasar garin, amma a rahoto sunan gundumar baki ɗaya za a rubuta.

Maganin wannan shi ne a ƙwace zaɓi daga hannun mai bincike tun kafin ya bar gida. A shata iyakar yankin a taswira, a yanka shi gida-gida, a ba kowane gida lamba, a jefa ƙuri'a. Yau manhajar QGIS, wadda kyauta ce, tana watsa ɗigo a taswira ba tare da son rai ba, GPS na waya kuma ya kai mutum wurin. Wahalar tana zuwa ne idan ɗigo ya faɗa a fako, inda ko tumfafiya babu, ga kuma kuka uku can gaba kaɗan suna kiran mutum. Nan ake gane mai amana. Fakon nan yanki ne na ƙasar, kuma sifilin da za a rubuta a kansa sakamako ne cikakke. Wanda ya matsa taku hamsin don ya sami abin rubutawa ya ɓata aikin, kuma babu lissafin da zai gyara shi daga baya. Haka nan al'adar juya baya a jefa murabba'in awo, wato ɗan firam mai kusurwa huɗu da ake ƙirga abin da ke cikinsa, ta kan kafaɗa ba ƙuri'a ba ce, domin ƙafa ta riga ta zaɓi inda aka tsaya, hannu kuma ya san inda ƙaya take. Wasu sun fi son jera filayen awo a kan layi, a ce kowane mita 500, kuma wannan hanya ce mai kyau muddin ƙuri'a ce ta tsayar da wurin farawa, kuma tazarar ba ta dace da wani tsari na ƙasar ba, kamar layukan itatuwan da aka dasa don kare iska.

Ƙasar Kebbi kuwa ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Akwai fadama mai laka da ruwa ke kwanciya a kanta, akwai jigawa mai yashi, akwai tudu mai tsakuwa, akwai burtali da makiyaya, sannan kudu wajen Zuru da Yawuri ruwan sama ya fi na ƙananan hukumomin Arewa da Dandi yawa nesa ba kusa ba. A irin wannan ƙasa gara a kasa yankin kashi-kashi bisa kamanninsa, a jefa ƙuri'a a cikin kowane kashi. Masanin lissafi Jerzy Neyman ne ya kafa hujjar wannan hanya a 1934, shekarar da Stebbing ke zagayensa, ya nuna ta fi zaɓen da masani ke yi da idonsa yana cewa nan ne ya fi kama da sauran. Sai dai tana da tarko a wajen haɗa lissafi, kuma ɗalibai da yawa na faɗawa. A ce yanki na da hekta 10,000. Hekta 1,000 kurmin bakin rafi ne mai bishiya 200 a kowace hekta, sauran 9,000 gonaki ne masu bishiya 15 a hekta. An auna fili 10 a kurmi, 10 a gonaki. In aka tara ashirin ɗin aka raba kai tsaye, za a sami kusan bishiya 108 a hekta. Amma kurmi kashi ɗaya ne cikin goma na ƙasar, don haka nauyinsa a lissafi bai kamata ya wuce haka ba. In aka ba kowane kashi nauyinsa, amsar ita ce 33.5. Awon fili daidai ne, babu wanda ya yi ƙarya, amma an ninka itacen yankin fiye da sau uku a kan tebur.

Girman filin awo ya danganta da abin da ake nema. Murabba'in mita ɗaya ya isa ga ciyawa irin su kyasuwa da harkiya. A gonakin gero da dawa, inda gawo ko ɗorawa ke tsaye ɗai-ɗai nesa da juna, ƙaramin fili sifili zai yi ta bayarwa, sai an faɗaɗa zuwa rabin hekta ko hekta guda. Ƙa'idar da aka saba ita ce a auna kaurin bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin mutum, kuma sau da yawa akan ce duk abin da faɗin jikinsa bai kai santimita 10 ba a bar shi. Wannan ƙa'ida ta dace da dazuzzukan katako na Kudu. A nan kuwa tana share rabin labari. Sabara da kalgo da geza, waɗanda manomi ke sassabewa kowace bazara su sake tofowa daga kututture da rassa biyar ko goma, ba sa kai wannan kauri, alhali su ke riƙe ƙasa, su ke ba mata da yara itacen girki. Mafi muhimmanci, ƙananan tsiro su ke faɗin abin da zai faru gobe. Gonar da ke da manyan kaɗanya goma amma babu ƙarama ko ɗaya, a takarda tana da itace, a zahiri tana jiran ranar da tsofaffin za su faɗi ne. Saboda haka nake ganin duk awon itace a wannan yanki ya kamata a saka ƙaramin fili a cikin babba domin ƙirga tsiro da tofo, sannan a nuna sakamako a jere bisa kauri, daga ƙanana zuwa manya, maimakon adadi guda.

Fili nawa ya isa? Babu amsa ɗaya, ya danganta da yadda wuraren suka saɓa wa juna. Abin riƙewa shi ne kuskuren kiyasi ba ya raguwa daidai da ƙarin wahala. In kana da fili 25 kana son rage kuskuren da rabi, fili 100 za ka auna, ba 50 ba. Shi ya sa ɗan gwaji na kwana kaɗan kafin babban aiki yake da riba, don a ga girman saɓanin a san abin da kuɗi da lokaci za su iya saya.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma a kansa na fi son a tsaya. A ce ana son a san tasirin kiwo a kan ciyawa. An sami fili ɗaya da aka kewaye da waya, da fili ɗaya da shanu ke shiga. An ajiye murabba'i 50 a kowanne. Ɗalibi ya zo da murna ya ce, "Malam, samfur ɗari na ɗauka." Tambayar da ya kamata malamin ya yi ita ce, a fili nawa? Amsa biyu ce. Murabba'ai hamsin ɗin nan duk ƙasa ɗaya suke ci, gangare ɗaya, tarihi ɗaya. In ciyawar cikin waya ta fi, mai yiwuwa rashin kiwo ne, mai yiwuwa kuma wurin da ma ya fi laima, ko an taɓa zaman ruga a can taki ya taru. Kwamfuta ba ta san wannan ba. An ba ta layi ɗari, za ta ɗauka shaidu ɗari ne masu zaman kansu, ta fitar da sakamako mai ƙarfi da bai cancanta ba. Stuart Hurlbert ya bi binciken gwaji 176 da aka buga tsakanin 1960 da 1980, ya bayyana a 1984 cewa kashi 27 cikin ɗari sun yi wannan kuskure, kuma cikin waɗanda suka yi gwajin lissafi kusan rabi ne. Manyan mujallun duniya ke nan. Gyaran shi ne a nemi filaye masu waya da marasa waya a garuruwa daban-daban, ko da murabba'i biyar-biyar za a ajiye a kowanne. Fili goma masu murabba'i biyar sun fi fili ɗaya mai hamsin ƙarfin hujja, ko da yake sun fi cin mai da takalmi.

Sai lokaci. Ƙasarmu tana sauya kama sau uku ko huɗu a shekara. Wanda ya ƙirga ciyawa a watan Maris, bayan dabbobi da gobarar daji sun wuce, da wanda ya ƙirga a Satumba, kamar ƙasa biyu suka je. Gawo kuma ya saɓa wa kowa, yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, don haka hoton sama na watan Agusta na iya ɓoye shi cikin gero, na Fabrairu kuma ya fito da shi fili. Tsuntsaye ma haka. Masu ƙaura daga Turai suna sauka fadamun Rima da bakin Neja da hunturu su tashi kafin damina, shamuwa kuwa sai gab da saukar ruwa take zuwa. Kalandar makaranta ba ta san da wannan ba, lokacin da aka saki ɗalibi ya tafi fili shi ne lokacin awo. Babu laifi in an faɗi watan a fili, kuma ba a gwada sakamakon rani na bana da na daminar shekaru goma baya an ce an ga raguwa ba.

Itace dai yana tsaye yana jiran mai awo. Kifi da tsuntsu ba sa jira. Ga abin da ke motsi akwai tsohuwar dabara ta kamawa, a yi alama, a saki, a sake kamawa, wadda ake danganta wa Petersen na Denmark a kan kifi a 1896 da Lincoln na Amurka a kan agwagin ruwa a 1930. A ce ruwa ya janye ya bar tafki a fadama. An kama tarwaɗa 100, an ɗan yanke gefen ƙegen kowacce, an mayar. Bayan kwana kaɗan an kama 80, aka sami 10 masu alama. Tunda ɗaya cikin takwas na kamun biyu na da alama, to ɗarin farko ɗaya cikin takwas ne na duka, wato tarwaɗa 800. Lissafin na da daɗi, amma yana tsaye ne a kan sharuɗɗa. Tafkin ya zama a rufe, ba a haɗe da gulbi ba. Kada wani ya zo da birgi da dare tsakanin kamun biyu. Kuma kifin da ya taɓa shiga hannu kada ya fi sauran wayon guje wa raga, don in biyar kawai aka sake kamawa saboda wannan wayo, amsar za ta koma 1,600. Ko da duk sharuɗɗan sun cika, masu alama goma kaɗan ne, gaskiyar na iya kasancewa daga wajen 450 har sama da 1,500. Wanda ya rubuta 800 ya yi shiru bai faɗi wannan tazara ba, ya ba mai karatu tabbacin da shi kansa ba shi da shi.

A babban ruwa kamar tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968 kuma ya kai har ƙasar Yawuri, wannan dabara ba ta aiki. Abin da masana kifi ke yi, irin na cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, mataki biyu ne. Da farko a zagaya a ƙirga ƙauyukan masunta da jirage da irin kayan kamu. Sannan a zaɓi wasu mashigai da wasu ranaku a auna abin da jirgi ke saukewa, a ninka. Ma'aunin da ke da ma'ana shi ne kamu a kan kowane ƙoƙari, kamar kilo nawa raga ɗaya ta kawo a dare ɗaya. Jimillar kifi a kasuwa na iya ƙaruwa alhali ruwa na tsiyacewa, in masunta sun ninka ko sun koma raga mai ƙananan idanu. Kowane kayan kamu kuma da irin kifin da yake zaɓa, abin da mamari ke kamawa daban da na taru, daban da na gura. Banda da ke jibge a kasuwar Yawuri ba ta faɗin ruwan da ta fito. Bikin Argungu ma, da duk darajarsa, ba ma'aunin lafiyar gulbi ba ne. Matan Fada wuri ne da Sarkin Ruwa ke tsarewa a hana kamun kifi sai ranar biki, kuma kifin da ya ci gasa, kamar mai kilo 78 na 2020, shi ne mafi girma cikin kamun dubban mutane. Mafi girma ba ya faɗin halin saura. Da za a riƙa auna tsawon kifi ɗari biyu ko uku da ƙuri'a ta zaɓa daga kamun ranar, kowane biki, da an tara tarihi mai amfani ƙwarai.

Tsofaffin Sarkawa na da sani da babu littafin da ya ƙunsa, amma tambaya ce ke fito da shi. "Baba, da da yanzu yaushe kifi ya fi yawa?" amsarta sananniya ce tun kafin a buɗe baki. In aka tambayi wane kifi ne ya daina shiga raga, a wane mashigi, tun wace ambaliya, da wace irin raga ake kama shi a da, sai a sami abin da za a iya gwadawa da awo. A kuma kula da suna. Kurungu suna ɗaya ne a bakin masunta, a wajen masana kuwa jinsuna ne da dama, don haka hoto da samfurin da aka adana sun zama dole.

Rashin gani kuma ba rashin samuwa ba ne. In damar hango wani tsuntsu a wurin da yake zaune rabi ce a kowace ziyara, wanda ya je sau ɗaya zai rubuta babu a rabin wuraren da tsuntsun yake. Wanda ya je sau uku zai rasa shi a wuri ɗaya cikin takwas kacal, kuma daga yadda aka gan shi yau aka rasa gobe ana iya lissafa damar ganin kanta. A kan wannan tunani wani masani, MacKenzie, da abokan aikinsa suka gina hanyarsu ta kiyasta wuraren da halitta ke zaune a 2002. Ƙurar hunturu, da ƙarfe nawa aka fita, da kaifin kunnen mai ƙirga, duk suna shiga cikin wannan dama.

Idan aka dawo daga fili aka zauna gaban kwamfuta, jarabar farko ita ce matsakaici. A ce fili goma, takwas babu giginya ko ɗaya, ɗaya na da 3, ɗaya na da 47. Matsakaici 5 ne, alhali babu filin da ya yi kama da 5. Halittu a cunkushe suke zama, inda ruwa ko ƙasa ta yi musu, shi ya sa ƙidayarsu ke cika da sifili da 'yan manyan lambobi. Gwaje-gwajen da aka fi koyarwa, irin su ANOVA, an gina su ne a kan zaton alƙaluma sun taru a tsakiya sun bazu daidai hagu da dama. Akwai hanyoyin da aka yi musamman domin ƙidaya, daga na Poisson zuwa waɗanda ke jure cunkoso, kuma duk suna cikin manhajar R, ita ma kyauta. Amma kafin kowane gwaji a zana alƙaluman a kalle su da ido. Kuma lambar p, wadda gwajin ke fitarwa don a ga ko bambanci ya wuce na dace, ko da ta gaza 0.05 ba ta ce bambancin na da girma ko muhimmanci ba. Manomi da jami'in gandun daji so suke su ji bishiya nawa aka rasa a hekta, kuma da wane tabbaci.

Ma'aunin yawan jinsi na Shannon, wanda kusan kowane kundin digiri ke ɗauke da shi, shi ma ana ɗora masa kayan da ba nasa ba. Wuri mai kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kanya daidai wa daida zai ba da 1.39. Wuri mai darbejiya da tumfafiya da sabara da geza daidai wa daida shi ma 1.39 zai bayar. Ma'aunin bai san suna ba, bai san wanda ake kaɗe da daddawa da shi ba. Yawan jinsunan da aka samu kuma yana ƙaruwa da yawan wahalar da aka sha, don haka ba a gwada wurin da aka auna fili 40 da wanda aka auna 10 kai tsaye. Anne Chao ta Taiwan ta kawo wata dabara a 1984 ta kiyasta abin da ya kuɓuce, ta hanyar duba jinsunan da aka gani sau ɗaya tak da waɗanda aka gani sau biyu. In an sami jinsi 30, takwas sau ɗaya, huɗu sau biyu, kiyasin zai ce aƙalla akwai 38.

Yanzu ga abin da littattafan koyarwa ba su tanada ba. A Zamfara, da wasu sassan kudancin Kebbi da na kan iyaka, ɗigon ƙuri'a na iya faɗawa inda babu mai zuwa ya dawo lafiya. Dajin Kuyambana da dazuzzukan Zurmi da Maradun suna nan a taswira, amma ba wurin da malami mai tsoron Allah zai tura ɗalibi da tef da littafi ba ne. Babu adadin da ya kai ran mutum. Sai dai a san abin da wannan ke yi wa sakamako. Wuraren da ake iya zuwa su ne na kusa da manyan garuruwa, inda jama'a suka ƙaru da 'yan gudun hijira, inda gatari ya fi aiki. Can ciki kuwa wani wuri gonakin da aka gudu aka bari suna komawa daji, wani wuri haƙar zinariya da gawayi na cin sa. Ba wanda zai iya cewa na waje na wakiltar na ciki. Abin da ya wajaba shi ne a zana a taswira inda aka iya shiga da inda ba a iya ba, a faɗi ɗigo nawa aka bari saboda tsaro, a kuma taƙaita hukunci ga inda aka taka. Rahoton da aka auna a kewayen Gusau kada a sa masa sunan jihar Zamfara.

Tauraron ɗan'adam na rage wannan giɓi. Hotunan Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo mita 10, kuma suna sabuntuwa duk bayan kwana biyar. Na Landsat sun faro tun 1972. A 2020 Martin Brandt da abokansa suka buga binciken da ya ƙirga bishiya sama da biliyan 1.8 a murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da taswirorin da suka gabata ke nunawa kamar babu itace. Amma kafin kwamfuta ta iya wannan, sai da aka zauna aka shata mata kusan bishiya 90,000 da hannu. Hoton sama na ganin kore, ba ya rarrabe kaɗanya da darbejiya, ba ya ganin tsiron da ke ƙarƙashin inuwa. In kuma an koya wa kwamfuta da filayen kusa da gari kaɗai, karkatar nan ta bakin hanya ta bi ta har sama.

Ban ce ƙuri'a ce amsar kowace tambaya ba. Lokacin da gubar dalma ta ɓulla a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, ta kashe yara sama da 400, tambayar ba matsakaicin dalma a ƙasar Zamfara ba ce. Tambayar ita ce ina gubar ta taru, wane gida, wane tsakar gida ake daka dutsen zinariya, wace rijiya ake wanki a bakinta. A nan bin zato da bin bayanin mutanen gari shi ne daidai, kuma gauraya ƙasar wurare da yawa a gwada sau ɗaya na iya narkar da wurin haɗari cikin masu lafiya. Haka mai neman inda jan baki ke kwana don a yi feshi, wurin kwanan zai nufa kai tsaye. Laifin yana zuwa ne idan aka ɗauki alƙaluman da aka tara don neman wuri mafi tsanani aka ce su ne halin ƙasa duka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne asarar aikin da aka riga aka sha wahalarsa. Kundaye nawa ne ke jibge a ɗakunan karatu da aka rubuta an yi awo "a dajin kusa da gari kaza", babu lambar GPS, babu kwanan wata, takardun fili kuma sun ɓace? Ba mai iya komawa wurin ya sake aunawa, alhali sauyi ba ya ganuwa sai an auna wuri ɗaya sau biyu da hanya ɗaya. Kebbi da Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma suna cikin shirin farfaɗo da ƙasa mai suna ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Ɗan ƙaramin kaso na irin wannan kuɗi zai isa a kafa filayen awo na dindindin da ƙuri'a ta zaɓa, a fadama da jigawa da makiyaya, a damƙa wa jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi da Gusau, ɗalibai su riƙa komawa duk shekara biyar a wata ɗaya, alƙaluman kuma a ajiye inda kowa zai iya dubawa. Ƙirga tsiron da aka dasa ranar biki abu ne mai sauƙi, ƙirga wanda ya rayu bayan rani uku shi ke buƙatar irin waɗannan filaye. A aikace, turken ƙarfen da aka kafa a kusurwa 'yan jari-bola za su tuge shi, lambar gwangwani da aka buga wa bishiya yara za su cire, don haka gara a binne turken ƙasa da inda garma ke kaiwa, a rubuta nisansa daga wata babbar bishiya ko dutse, a kuma zauna da mai gona a yi masa bayani tun farko, ya san ba ƙwace masa gona aka zo yi ba, kuma ya ci gaba da nomansa da sassabensa yadda ya saba, tunda abin da ake son aunawa ke nan.